Tabaran Illo Mai Ganin Wata

A Madarunfa in ka ce Illo masunci, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Illo Mai Ganin Wata kuwa, kowa ya nuna maka gidansa, can bakin tafki inda ake shanya koma. Ni Rakiya mai suyar kifi taubashiyarsa ce. Babana da innarsa ciki ɗaya suka fito, shi ɗan mace, ni ɗiyar namiji, don haka tun muna wasan ƙasa nake kiransa bawana, shi kuma yana ce mani uwar ɗakina mai bakin reza. Tsakanin taubasai babu fushi, haka muka taras. Da wannan na fake na yi masa abin da har yau in na tuna sai tuwo ya fita raina.

Illo ba shi da komai sai kwalekwale ɗaya da ido. Amma ido fa! Yana tsaye cikin jirgi zai ce ga tarwaɗa can gindin kukar da ke cikin ruwa, ya jefa komarsa ta birgi, ya ɗago ta. Ran ashirin da tara ga wata, in rana ta yi ja, limaminmu Malam Alhassan da dattawa sukan hau tudun yamma da gari, Illo a gaba, ya kāre goshi da tafin hannu. In ya ce "Ga shi can," sai a bi yatsansa. In ya ce "Babu," kowa ya koma gida ya cika talatin. Shaidu biyu ake nema, amma kowa ya san na biyun bin yatsan Illo yake yi. Ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Har daga garuruwan Safo da Sarkin Yamma ake turo mai keke ya ji abin da ya ce, kafin a ɗauki azumi ko a aje. Wannan shi ne dukan arzikinsa a duniya, kuma ya ishe shi.

Bazarar 1963 idanun suka fara ja suna zubar da ruwa. Wanda bai yini bisa tafkin nan cikin bazara ba bai san rana ba, don ruwan walƙiya yake yi kamar sabon faranti. Matarsa Ɗelu ta yi ta sa masa kwalli, ba sauƙi. Ya tafi Maraɗi wajen lokotoro, wato likita. Lokotoro ya ce masa, "Rana sau biyu take dukanka, ta sama da ta ruwa. Ga wata 'yar tsoka ta fara tsirowa a gefen idon. Ka nemi baƙin tabarau da malafa, kada ka shiga ruwa ba su, tun daga hantsi har la'asar." Ɗan Azumi, direban da ke ƙetare iyakar Ɗan Issa zuwa Katsina, shi ya sayo masa guda, cikin 'yar jakar fata.

To a zamanin nan wa ke sa baƙin tabarau a garinmu? Jandarma, 'yan iskan tasha, sai makafi. Illo ya san haka, shi ya sa sai ya yi nisa da gaɓa yake sawa, kafin ya dawo ya cire. Kwana uku yana yi. A na huɗu ya manta, ya sauko da shi a fuska, ga mata cike da bakin ruwa muna jiran kifi.

Ni kuwa da ba na ganin ƙofar tsiya in wuce, sai na yi wuf na fizge.

"Wayyo, jama'a, ku zo ku ga abin tausayi!" in ji ni. "Mai ganin watanmu ya makance! Wa zai ja wa bawana gora?"

Na ƙwama tabaran, na ɗauki kara ina laluben hanya, ina roƙon sadaka. Mata suka yi ta dariya har da masu faɗuwa. Sai wani dattijo da ke zaune bisa jirgin da aka kife ya ce, ba da wasa ba, "Illo, da gaske idon ya taɓu? To bana wa zai duba mana wata?"

Na ga fuskar Illo ta sauya, amma nan da nan ya yi dariya. "Ido lafiya lau, Baba. Kayan wasa ne na sayo wa uwar ɗakina. Riƙe, Rakiya, ke ya fi dacewa da shi, ya rufe mana rabin munin."

Na kai gida ina jin na ci gari, na sa cikin kwalla ƙarƙashin zannuwa. Ɗelu ta zo roƙo, na ce bawa ya zo da kansa ya durƙusa. Ta sake zuwa, sai ga saƙonsa ya biyo ta, ya ce ta bar maganar. Ba wai ya kasa samun wani ba ne. Gari ya riga ya raɗa wa abin suna, ni na raɗa, kuma mai ganin wata ba ya yawo da kayan makafi.

Shekara goma yana shiga ruwa da ido tsirara. Ni na fara lura, tun da ni ke sayen kifinsa. Wata rana ya miƙo mani gaiwa yana cewa tarwaɗa ce. Wata rana saura kaɗan ya taka kaskon maina yana tafasa. Na dubi idon da kyau, na ga farin abu ya rarrafo ya hau baƙin. Na gane aikina ne. Amma bakin da ya iya tsiya ya kasa cewa yi haƙuri.

Azumin 1973 ya zo cikin fari. Gero ya ƙone a tsaye, tafki ya ja da baya ya bar taɓo, gidaje da yawa da kunun dusa ake buɗa baki. Ran ashirin da tara gari duka ya hau tudu, kowa na fatan a ce gobe salla. Mata muna can baya, amma ni na matsa kusa da Illo, don ba mai hana taubashiya. Ya kāre goshi, ya daɗe yana duba. Na ga hawaye na bin kuncinsa, na kuma ga inda ya kafa ido ba can wata ke tsayawa ba. Na ɗaga kaina, sai ga shi siriri kamar yankan farce, bisa kukar nan mai karyayyen reshe.

Na yi ƙasa da murya. "Illo, yana bisa karyayyar kuka, hannun dama. Nuna, ka ce ka gani."

"Ke kin gani?"

"Wallahi na gani."

"To ni ban gani ba."

"Haba, Illo! Ai ba ƙarya ba ce, watan na nan!"

"Yana nan," in ji shi. "Amma Liman ba zai tambaye ni ko yana nan ba. Zai tambaye ni ko na gani."

Ai kuwa sai ga muryar Malam Alhassan: "Malam Illo, mi ka gani?"

Illo ya sauke hannunsa, ya juyo ya fuskanci mutane. "Allah gafarta Malam, ban ga komai ba. Idona ya tafi. Bara da ƙyar na gani, bana ko kukar ba na rarrabewa. Rakiya ta ce yana bisa karyayyen reshe, masu ido su duba. Ni daga yau ku nemi wani."

Mutane suka juya wajen kukar. Can sai Hamisu maƙeri ya ce, "Ga shi!" Wani ya amsa, wani ya ƙara. Aka yi kabbara, aka buga bindiga, mutane suka ruga gida shirin salla. Ba wanda ya yi da mugun nufi, murna ce da yunwa, amma aka watse aka bar shi tsaye. Duhun magariba ya fara sauka, shi kuwa ba ya ganin gangaren. Ya miƙo mani goran jirginsa da yake dogarawa. Na kama gaba, ya kama baya, na ja shi har ƙofar gida. Tambayar da na yi a bakin ruwa ina dariya, ga ta na amsa da hannuna, ina kuka.

Ya ƙara shekara shida a duniya. Yana zaune gindin itacen bedi yana ɗinkin koma da lalube, baƙin tabarau a fuska, ba wanda ya sake dariya. Da Ɗelu ta koma da shi Maraɗi, lokotoro ya ce da an kiyaye tun farko, wataƙila da idon ya fi haka daɗewa. Mutane suka ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma na san abin da hannuna ya fizge.

Abin da ba ya barina shi ne safiyar sallar nan. Kafin a tafi idi na buɗe kwalla, na ciro jakar fatar, na je na durƙusa gabansa, ni da na ce shi ya zo ya durƙusa. Na ce, "Yaya Illo, ga kayanka. Ka yafe mani don Allah." Ban taɓa kiransa yaya ba sai ran nan.

Ya zaro tabaran, ya shafa shi da yatsu, gefe da gefe, a hankali. Ya sa a fuska, ya juyo inda yake jin numfashina, ya yi murmushi.

"Na yafe tuni, uwar ɗakina," in ji shi. "Kin iya ajiya, Rakiya. Shekara goma, ko ƙwarzane babu."