Ta'aziyyar Kyaftin Dogo

A Safana in ka nemi Uwaisu mai gyaran rediyo sai an tsaya tunani, amma ka ce Uwaisu na Shamuwa, nan take za a nuna maka shagonsa.

Shamuwar nan jirgi ce, ba tsuntsuwa ba. Lokacin da Uwaisu da ƙanensa Mani suke yara, akwai wani shirin Turawa da suke leƙe a talabijin ɗin gidan hedimasta, na wani jirgi mai yawo tsakanin taurari. Ba mai jin Turancin, sai yara suka raɗa wa jirgin Shamuwa saboda dogon wuyansa, shugabansa kuma Kyaftin Dogo. Rannan wasu halittu masu ido a goshi suka kama Dogo, aka ce sai mako mai zuwa. Mako ya zagayo, tashar ta sa shirin takin zamani. Shi ke nan fa!

Da haushin nan Uwaisu ya girma, da shi ya yi aure, har furfura ta fito masa. Ran da ya ji cewa can ƙasar masu shirin littattafai aka riƙa rubutawa ana ci gaba da labarin, sai ya ce to shi hannunsa karyewa ya yi? Ya fara nasa da Hausa. Ya rubuta tsakanin gyara da gyara, ya karanta a waya da muryarsa, Mani kuwa, da yake ɗan acaɓa ne, ya riƙa tura wa fasinjoji har labarin ya kai Zakka da Batsari.

Nan bawan Allah ya jawo wa kansa. Wani ya tare shi a bakin masallaci, wai ina alƙibla a cikin jirgin? Wani dattijon Bafillace ya taso takanas daga Ruma don ya gaya masa cewa mutane su daɗe haka a sama ba nono, ƙarya ce, a sa saniya. Uwaisu ya yi ta huci, amma dai ya sa saniyar.

Wanda ya fi ci masa rai shi ne ta'aziyya. Da ya kashe kukun jirgin a littafi na biyu, sai ga Shafi'u mai shayi da zugarsa sun cika shagon, fuska a murtuke, wai sun zo gaisuwa.

"Malam Uwaisu, ya haƙuri? Ashe kuku lokaci ya yi."

"Ku tashi ku ba ni wuri! Mutumin da ni na ƙirƙire shi da biro?"

Ina! Tsokana ta zama al'ada. Duk wanda ya mutu a Shamuwa sai an zo an zauna masa, an hana Uwaisu aiki, yana zagi suna cewa zafin rashi ne.

Sai 'yan bindiga suka tare Mani a hanyar Runka, suka shiga daji da shi. An yi waya, an yi waya, daga baya layin ya daina shiga. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Kaka, ta ce ɗanta yana nan da rai, kuma duk wanda ya shigo mata gida da fuskar gaisuwa sai ta raka shi ƙofa da tsintsiya.

Daga nan biron Uwaisu ya tsaya cak. Dogo yana hannun masu ido a goshi tun littafin farko, kuma yanzu ne ya kamata a san makomarsa. Ya dawo da shi gida? Hannunsa ya ƙi rubuta wannan ƙaryar. Ya kashe shi? Mahaukatan nan za su yi dafifi da sunan ta'aziyya, Kaka ta ji. Su kuwa ba su fasa ba, kullum sai an leƙo shago an ce, "Ina labarin Dogo?" Har kwano ya taɓa jifan Shafi'u da shi.

Wata la'asar ya shiga gaishe da Kaka, ya tarar tana tsince wake.

"Uwaisu, mutumin nan naka har yanzu yana hannunsu?"

Ya yi sororo. Bai taɓa sanin tana saurare ba. "Yana nan, Kaka."

"Ya daɗe. Ba a daɗewa haka." Ta ci gaba da juya waken. "Ka bar shi ya huta. In za su zo, ka ce musu gida, ba shago ba."

Haba, wannan wace irin magana ce! Ya buɗe baki zai yi faɗa kamar yadda ya saba, sai ya ga hawaye na ɗiga cikin faifan. Ya tashi ya nemi bironsa.

Ran da labarin mutuwar Dogo ya fita, tun hantsi babura suka fara tsayawa a ƙofar gida, 'yan acaɓa abokan Mani, mutanen Zakka, har dattijon nan na Ruma. Shafi'u ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗakin, ba alamar wasa a fuskarsa.

"Kaka, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji ta. "Amin, ɗan nan."

Har aka yi azahar ba wanda ya ambaci sunan Dogo, kowa ya san gaisuwar Mani aka zo. Uwaisu, da ya yi shekara da shekaru yana korar mutanen nan, ya share fuska da hannun riga ya fita aron tabarmi a maƙwabta.