Ranar da Baba Dauda Ya Gwada Mu da Rikicewa

Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Television ya san Baba Dauda da jarrabawar safe. Kullum sai ya tsaya a ƙofar gida da tawul a wuya, ya faɗi ranar da ake ciki, ya jero sunayen 'ya'yansa huɗu, sannan ya ƙwala wa mai shayi kira: "Malam Sani, ka shaida, yau ma da hankalina na tashi!" Mu dai dariya muke yi. Shi kuwa tsoro ne, don ya ga yadda mahaifinsa ya rikice da tsufa, aka kai shi ƙauye aka rufe a ɗaki.

Wata Laraba sai ya fito ya kira ni Fasto, ya zuba gishiri a koko, ya ce a miƙo masa takalmi zai tafi aiki masaƙa. Masaƙar da aka rufe tun yaushe! Ni Bitrus, babban ɗa, kafin la'asar na samo motar ƙauye, har na kira wani mai son sayen gonarsa ta Kakau. A gabansa fa! Ƙanwata Talatu ce ta ce a kai shi asibiti tukuna.

Washegari ya shanye kokonsa da sukari, ya dube ni.

"Bitrus, motar taka ƙarfe nawa za ta zo?"

Wayyo, ashe gwaji ne! Na rasa inda zan sa kaina.

Ranar ya sa kwat, ya tasa mu gaba sai ofishin lauya. Aka rubuta takardar wakilci: idan hankalinsa ya gushe, Talatu ce mai yanke magana kan jinyarsa da gonarsa, kuma kada a raba shi da gidansa. Lauya ya karanta da Turanci, Baba ya ce a maimaita da Hausa don Bitrus ya ji da kyau. Ya miƙo min biro.

"Kai ne shaida, tunda ba ka wasa da lokaci."

Bayan shekara shida abin ya zo da gaske. Ni kuwa na rantse ba zai sake kama ni ba. Wata biyu ina cewa, "Baba, don Allah ka daina wasan nan, mun gane!" Har tsawa na yi masa da ya tambaye ni ina Mama, wadda ta daɗe da rasuwa. Talatu ce ta ɗauko takardar, ta kai shi wurin likita, kuma a gidansa ya yi jinya har ƙarshe.

Har yau kunyar ba ta sake ni ba. Wani yammaci ina yanke masa farce ya ce, "Malam, kana da kirki. In ka ga ɗana Bitrus, ka ce masa ba na fushi, ya zo gida."

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba. Ni kuma Allah ya gafarta min.