Katako Biyu a Saman Benen Hajiya

Sana'ata gyaran firinta da injin kwafi ce, a wani ɗan shago a unguwar Maamobi da ke Accra, tsakanin tela da mai sayar da katin waya. A shekarar da abin nan ya faru ina haya ne a unguwar Nima, a gidan wata Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Gidan bene ne da ba a ƙarasa ba. An zuba kankare a sama, ƙarafa sun tsaya cirko-cirko suna jiran hawa na biyu, aikin ya tsaya nan. Da rana matan gidan ke shanya a wurin. Bayan sallar Isha'i kuwa babu mai hawa sai ni.

Mahaifina ne ya koya mini kallon sama. Daga Sakkwato iyayensa suka zo da fataucin goro, shi kuma har ya rasu bai daina nuna mini kaza da 'ya'yanta da gamzaki ba, duk da hasken fitilun Accra ya cinye yawancin taurarin da ya sani. Da na samu wata tsohuwar kyamara sai na yi sha'awar ɗaukar kaza da 'ya'yanta. Na yi ta gwadawa, abu ya ƙi. Taurari ba su da haske sosai, dole ka bar idon kyamara a buɗe na minti ɗaya ko biyu, kuma kafin nan sama ta juya. Maimakon ɗigo sai ka ga layi-layi kamar an yi zane da alli.

Maganin shi ne kyamarar ta riƙa bin sama a hankali. Akwai injin da ake sayarwa na wannan aiki, amma ban taɓa ganinsa a Accra ba, don haka na ce bari in haɗa nawa. Katako biyu ne, aka haɗa su da hinjin ƙofa kamar bangon littafi. Dogon bol mai zare ya ratsa na ƙasa yana tura na sama. Na cire ƙaramin moto daga wata matacciyar firinta, na sayo 'yan kayan lantarki a kasuwar Zongo Lane, na haɗa da batir. Moton zai juya noti sau ɗaya a kowane minti, katakon sama ya ɗaga kaɗan-kaɗan da kyamara a kansa. Sati uku na yi ina auna tazarar da ke tsakanin hinjin da bol ɗin, ina lanƙwasa bol ɗin a jikin tukunyar gas, ina ƙirga juyin notin da agogon waya. Da na kunna shi yana tafiya daidai, yana ɗan ƙara tik-tik kamar agogon bango, sai da na zauna ina kallonsa har aka kira Magariba.

Saura abu ɗaya. Dole hinjin ya kalli tauraron arewa, wanda shi kaɗai ba ya motsi, in ba haka ba duk aikin banza ne. A Accra tauraron nan ƙasa-ƙasa yake. In ka miƙa hannu, tsakaninsa da inda sama ta haɗu da ƙasa bai wuce faɗin yatsu uku ba. Sai na ɗaure wani guntun bututun ruwa a jikin hinjin, in durƙusa in leƙa ta ciki ina nemansa.

Arewa da mu gidan wani direban trotro ne, wato motar haya, mai mata ɗaya da 'ya'ya mata uku. Muna gaisawa a masallaci, ya taɓa kawo mini rediyon motarsa na duba masa. Bututuna ta saman rufin gidansa ya bi, da ƙyar ya haye kwanon. Dare biyar ko shida na yi ina durƙuso a wurin, ido a bakin bututu, kyamara a gefe, ƙaramar jar fitila tana ci a jikin injin. Hayaƙin gari da gajimare sun hana ni ganin tauraron. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina yadda mutumin da ke ƙasa zai ga wannan abu ba.

Ranar wata Alhamis, bayan Isha'i da kamar awa ɗaya, sama ta washe. Kaza da 'ya'yanta ta hau gabas sosai. Ina durƙushe sai na ji takun mutane a matakala, ba takun mutum ɗaya ba, kuma babu sallama. Direban ne a gaba, riƙe da ƙarfen kwance taya. Bayansa samari biyu na layinmu.

"Tashi daga nan," ya ce. Muryarsa ba ta da ƙarfi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Na miƙe na ce, "Masta, lafiya?"

"Kar ka taɓa komai. Matsa baya."

Na matsa har bayana ya taɓa ƙarafan ginin. Babu katanga a saman nan, daga inda nake taku biyu ne zuwa baki. Ɗaya daga cikin samarin ya haska injin da fitilar waya, ya bi wayoyin da kallo har zuwa batir. Injin na ta tik-tik abinsa.

Direban ya nuna ƙasa da ƙarfen hannunsa. "Me ke can?"

Na leƙa. A kusurwar gidansa akwai wurin wanka, ɗan ginin bulo ba rufi, da labulen buhu a ƙofa. Shekara biyu ina hawa benen nan. Na san yana wurin kamar yadda na san akwai tankin ruwa da igiyar shanya, amma ban taɓa haɗa shi da abin da nake yi ba.

"Taurari nake ɗauka," na ce.

Ɗaya saurayin ya yi wata 'yar dariya. Direban bai yi ba. Ya ce, "Taurari suna sama. Kai kana kallon gidana."

Kafin in buɗe baki na ji hayaniya a ƙasa. Lungun ya fara cika. Duk wanda ya zauna a Nima ya san yadda mutum goma ke zama hamsin kafin ka ƙifta ido, kuma na bayan ba sa tambayar me ya faru. Na ji wata mata tana faɗa da yaren Twi cewa hoton mata yake ɗauka yana sawa a waya. Wani ya ce a sauko da shi. Na taɓa ganin abin da aka yi wa wanda aka zarga da satar waya a bakin gota, kuma laifin da ake ɗora mini ya fi wannan muni.

Hajiya ce ta fara ceto na. Ta hau matakalar tana haki, hannunta duk ruwan wake, ta tsaya a bakin ƙofar benen ta tare hanya da jikinta. Ta ce babu wanda zai ƙara hawa, gidanta ne, kuma babu wanda za a taɓa a samansa sai liman ya zo. Ta juyo ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. "In gaskiya ne," ta ce, "ni da kaina zan miƙa ka."

Limamin masallacin layinmu tsoho ne mai ciwon gwiwa. Jiran da muka yi masa bai kai minti goma sha biyar ba. Direban yana ta mayar da ƙarfen daga hannu zuwa hannu. Ni kuwa ina tunanin hotunan da ke cikin kyamarar, ina bin su ɗaya bayan ɗaya a raina. Can na tuna. A daren farko na juya kyamarar arewa na ɗauki hoto guda, ko za ta ga tauraron da idona ya kasa gani. Ban goge ba. Ban ma tuna abin da ya fito a ƙasan hoton ba.

Da aka hau da liman ya huta, ya sa direban ya yi magana tukuna. Direban ya ce babbar 'yarsa ce ta fara ganin jar fitila da mutum a durƙushe. Kwana huɗu ke nan ita da ƙannenta ba sa shiga wurin wankan in rana ta faɗi, matarsa kuma sai ta rufa zane a kai take shiga. Ya ce shi da asuba yake fita, sai dare yake dawowa, sai yau suka iya gaya masa.

Liman ya ce da ni, "Malam, to kai fa?"

Na yi bayani iya iyawata, na katako da hinji da juyawar sama. Ina jin yadda maganar ke fita kamar ƙarya. Na ce a duba kyamarar. Liman ya ce direban ne zai riƙe, ni in nuna masa inda zai danna.

Direban ya ajiye ƙarfen a ƙasa, ya taka shi da ƙafa. Hoto na farko baƙi ne da 'yan zane-zane farare. Na biyu haka, na goma haka. Samarin suka matso suna leƙe ta kafaɗarsa. Yana dannawa ina ƙirgawa a zuci, don na san kusan inda wancan yake. Da ya iso sai yatsansa ya tsaya.

Rufin gidansa ne, da farantin talabijin, da sama ja-ja saboda hasken gari. A can ƙasan hoton ga saman bulon wurin wankan, layi ɗaya, da wani zane a rataye a kai.

"Wannan zanen matata ne," ya ce.

Ɗaya saurayin ya kama wuyan rigata. Na ji diddigena ya bar kankare. Hajiya ta daka masa tsawa, liman ya ɗaga hannu ya ce a kawo masa kyamarar. Ya kai ta dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce a ci gaba da dannawa har ƙarshe. Aka bi sauran, sun fi ɗari, babu komai sai baƙi da zane-zane, da hoton notin da na ɗauka a shago.

Sai tsohon ya yi abin da ban zata ba. Ya ce a riƙe shi, ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa masu ciwo, ya sa ido a bututun. Ya ɗan jima. Ya ce da direban, "Zo ka duba." Direban ya duba. Babu abin da ake gani sai bakin kwanonsa da wani yanki na sama.

Aka ɗaga liman ya miƙe. Ya tsaya daidai inda nake tsayawa kullum, ya dubi ƙasa, ya kawar da kai da sauri.

"Bututun bai ga komai ba," ya ce. "Na yarda ba abin da kake nema ke nan ba. Amma mai tsayawa a nan yana gani, ko ya so ko bai so ba. Yaran nan kwana huɗu suna cikin tsoro, kai ba ka sani ba, saboda ba ka tambayi kowa ba kafin ka kafa abinka."

Gaskiya ya faɗa. Na ba direban haƙuri, na ce ya isar wa iyalinsa. Na goge hoton a gabansa. Ya ɗauki ƙarfensa ya sauka. Liman ya tsaya a bakin bene ya gaya wa mutanen ƙasa cewa an duba, babu hoton kowa, kowa ya tafi gida. Sun daɗe kafin su watse. A daren na kwana da kujera a tokare da ƙofa.

Washegari Hajiya ta sa kwaɗo a ƙofar benen, makulli a bakin zanenta. Ba ta kore ni ba, amma ta yi wata guda tana zuba mini waakye ba tare da ta dube ni ba. A shago aiki ya ragu. Wata makarantar Islamiyya da nake yi wa gyara ta aiko a karɓi injinta ban gama ba. Labarin da ya zaga Maamobi ba wanda liman ya faɗa ba ne, na farkon ne.

Ranar Lahadi na sayi fallen kwano biyu na kai ƙofar gidan direban, na ce in ya yarda in rufe wurin wankan. Ya bar ni a tsaye a waje na ɗan lokaci, sannan ya fito da guduma. Muka yi aikin tare, ba mu yi maganar da ta wuce miƙo ƙusa da riƙe nan ba. Matarsa da 'ya'yan suna ɗaki har na tafi.

Injin ya yi wata biyu a ƙarƙashin gadona. Daga baya na cire bututun na jefar. Na yanka katako mai ɗan gangare daidai tsayin tauraron, na koma saita arewa da kamfas ɗin alƙibla na wayata. Na sa komai a jaka na hau mota zuwa wajen ƙanena da ke gadin wata gona a bayan garin Dodowa, can wajen Accra. Kafin in kafa sai da na bi bukkokin da ke kusa na gaya wa kowa abin da zan yi, har na kunna musu suka gani. A can na samu kaza da 'ya'yanta, ɗigo-ɗigo, tsaf, sun fi yadda ido ke gani yawa nesa ba kusa ba.

Direban yana amsa sallamata yanzu in mun haɗu a masallaci. Babbar 'yarsa ta yi aure bara, ba a kawo mini goron gayyata ba, ban kuma ga laifinsu ba. Har na bar gidan Hajiya, in yarinyar ta hango ni a lungu sai ta tsallaka gota ta bi ɗaya gefen.