Tsamiya a Cikin Kasko

Bayan farin da ya cinye dabbobinmu, mijina ya tafi ci-rani bakin teku bai dawo ba. Na kwashi ɗiyata na koma gidan yayana a wani ƙauye kusa da Filinge. Lokacin mulkin soja ne. Na samu aikin ban ruwa a garkar ƴan gandun daji, inda ake rainon itatuwa cikin baƙar leda. Hatsi ake biyanmu.

Waɗanda suka daɗe a leda ba a dasa su ba, bayan shinge ake watsar da su. Can na tsinci tsamiyar. Tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, ganyenta ya zube saura kaɗan, su ma sun yi rawaya. Na kankare bawon da farce na ga ɗanye. Na sa ta cikin kwanon awona na kawo gida.

Ba ni da inda zan dasa ta. Gona ta yayana ce, gidan ma nasa. Kuma a zamanin nan iccen da ya tsaya a gonarka ba naka ba ne, na gwamnati ne. Ka sare reshe, ƴan gandun daji su ci ka tara. Shi ya sa manoma ke tumɓuke duk ɗan iccen da ya tsiro tun ba a gan shi ba. Yayana ya ce kada in jawo masa magana.

Na sami tsohon kasko na huda gindinsa. Da na yage ledar sai na tarar saiwar ta nannaɗe kanta kamar igiyar guga, rabi ta ruɓe. Na yanke ruɓaɓɓen da wuƙa, na haɗa yashi da busasshen kashin awaki, na ajiye ta a inuwar rumbu. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai wata safiya na ga toho.

Akuya ce ta fara koya mini aski. Ta cinye kan tsamiyar, na yi ta zagi. Inda ta ciza, rassa biyu suka fito. Daga nan duk reshen da ya yi tsawo sai in tsinke bakinsa. Wanda ya miƙe sama in ɗaura masa ɗan dutse da kaba har ya kwanta. In damina ta kusa sai in ciro ta, in rage saiwa, in sake ƙasa. Kututturen ya yi kauri, bawon ya tsattsage irin na tsohuwar tsamiyar kasuwa, amma ba ta wuce gwiwata ba. Da magariba ganyenta ya rufe, da safe ya buɗe.

Yayana kan tsaya a kanta yana sakace.

"Auta, mi wanga icce ya yi miki? Ko akuya ana kwance ta ta tahi kiwo."

"Nawa ne, Yaya."

"Yaushe za mu sha kununta?"

"Ran da gemunka ya koma baƙi."

Wata rana wani ɗan gandun daji ya shigo shan ruwa. Ya tsuguna ya dube ta, ya yi dariya. Ya ce a wata ƙasa mai nisa da gangan ake yin haka, amma shi bai san yadda zai ci kasko tara ba. Ya sha ruwansa ya tafi.

Soja suka tafi, farar hula suka zo, sojan suka sake dawowa. A hankali aka daina tsoron icce. Mutane suka fara barin gawo a gonakinsu. Ɗiyata ta yi aure a Baleyara. Da ta haihu na tafi yi mata wankan jego, ana cikin yankan hatsi. Motar kasuwa ba wurin kasko ba ce. Na ce wa yayana ruwa safe da marece, kada ya yi komai bayan wannan.

Na dawo sanyi ya shiga. Kaskon na kife a gindin rumbu.

"Ina take?"

Ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Muka yi tafiya har gonar tudu, wadda muka gada. Can gefen gabas na hango ƙaya an kewaye. Tsamiyata ce a tsakiya, cikin yashi, rana na dukanta.

"Daga iccen nan har kwari naki ne," in ji shi. "Na kira liman da maigari, a gabansu na dasa. Ko bayan raina ɗiyana ba su taɓa miki."

A wurinmu ba a dasa icce a gonar aro. Wanda aka dasa iccensa a ƙasa, ƙasar tasa ce. Yayana ya tsufa, yana tari, ya san abin da yake yi. Fuskarsa cike da murna, yana jiran in yi magana.

Ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashin yashin. Saiwar da na yi shekaru ina ragewa ba ta fi tafin hannu ba. Ba za ta taɓa kaiwa ga laima ba kafin rani. In na tone ta, na mayar masa da kyautarsa a gaban liman da maigari, kuma shaidar ta tafi.

Na ce, "Allah shi saka, Yaya."

Na bar ta. Kullum ina ɗaukar tulu daga rijiyar gari zuwa tudu. Yashin ya shanye ruwan kafin in sauke numfashi. Na yi mata rumfar kara. Na zuba toka saboda gara. Ƙananan rassa suka fara bushewa, sannan manyan. Yayana ba ya iya hawa tudun kuma. In na shigo sai ya tambaya daga kan tabarma.

"Ta kama?"

"Tana nan."

"Kin gani? Sarari take so."

Ba ta kai bazara ba. Shi ya kai, da ƙyar, ya rasu kafin shuka. Ban san ko wani ya gaya masa ba.

Bayan sadakar arba'in babban ɗansa ya zo da igiya za su raba gona. Da suka isa gefen gabas, maigari ya nuna busasshen kututturen da sandarsa. Yaron ya naɗe igiyarsa, suka wuce gaba.

Ina noma wurin har yau. Gero yana yi in an samu ruwa. Kututturen gara ta gama da shi, na kafa dutse a gurbinsa. In na kai nan da hauya nakan kewaye.