Jirgin da Yaya Ya Hana Ni Hawa

Shekarun baya can, farkon shekarun casa'in, lokacin ina zaune a Camberwell a flat ɗin yayana da matarsa da 'ya'yansu, na yi wani taurin kai da har yau ake ba da labarinsa a gidanmu. Su a matsayin rashin kunya suke ba da shi. Yau bari ku ji daga bakin marar kunyar.

Ina da shan-inna a ƙafar hagu tun ina ƙarama. Da takalmin ƙarfe nake tafiya, mai kamowa har cinya, da sanda guda. Saboda ƙafar ma aka kawo ni London, aka yi min aiki a babban asibitin unguwarmu, daga nan aka ce in zauna in yi karatu a hannun Yaya. Yaya mutumin kirki ne, ba zan yi masa sharri ba. Shi ya riƙa goya ni zuwa Islamiyya a Kano muna yara. Amma kirkin nasa irin mai shaƙe mutum ne. Ba na sauke tukunya, ba na zuwa kanti ni kaɗai, in aka yi ruwa ko ƙofa ba na leƙawa. A lokacin na gama kwas ɗina, wani ofis kusa da Charing Cross sun ba ni aiki, Yaya ya ce sam. Wai bas ɗin da zan riƙa hawa irin mai buɗaɗɗen bayan nan ne, wata rana zai tashi ƙafata ɗaya tana ƙasa. Na haura ashirin fa a lokacin.

Ana cikin haka, da summer, wato lokacin zafinsu, Hausawan da muke zumunci da su suka yi hayar coach, wato doguwar bas, zuwa wani babban wurin wasa, tafiyar awanni daga London. Muna isa aka yi abin da aka saba. Aka samo min benci a inuwa, aka jibge min jakunkuna da filas-filas da robobin shinkafa, kowa ya ce sannu, suka watse. Ni ce mai gadi.

Bencin nan yana kallon wani jirgin wasa da ban taɓa ganin irinsa ba. Sauran na wurin duk a hankali ake jan su sama, ƙaƙas-ƙaƙas, kafin a sake su. Wannan kuwa yana tsaye cak a tasharsa, mutane suna hira, sai kawai ka ga ya fita kamar an harba shi. Ya shiga wani ƙaton zobe na ƙarfe, mutane kai a ƙasa, ya fito ya hau wani dogon layi da ya miƙe sama ya ƙare a iska. Can sai ya tsaya, ya dawo da baya, ya sake bin zoben, ya wuce tashar ya hau wani layin a baya, sannan ya gangaro a kama shi da birki. Na manta da shinkafar da nake gadi.

Direban coach ɗinmu, wani dattijo ɗan zangon Gana, ya zo ya zauna a ƙarshen bencin da shayinsa. Hausarsu ba ta ware mace da namiji, kowa "kai" ne. Ya ga inda idona yake, ya ce, "Ka san jirgin nan ba shi da inji?"

Na ce to me yake tura shi. Ya nuna min wata hasumiya mai kauri a ƙarƙashin dogon layin. Ya ce ya sha kawo mutane nan, kuma da yake a tashar jiragen ruwa ya yi aikin ƙarafa kafin ya zo Ingila, ya taɓa tsare masu gyaran wurin da tambaya. A cikin hasumiyar akwai wani ƙaton nauyi, ɗaure da igiyar ƙarfe. Inji yana jan sa sama a hankali, shi ya sa ake ɗan jira tsakanin tashi da tashi. Igiyar ta bi ta kan gargare ta zo har tasha, tana riƙe da wani ɗan ƙarfe da ke tokare da bayan jirgin. Da an danna, nauyin ya faɗo, igiya ta fizga, ɗan ƙarfen ya ingiza jirgin da dukkan ƙarfin faɗuwar nan, sai ya sake shi. Daga nan babu mai turawa kuma. Gudun da ya samu a wannan ingizar shi zai kai shi sama, nauyinsa kuma ya dawo da shi.

Na ce kamar cikakken guga ya kuɓuce a rijiya ya fizgi igiya ke nan. Ya ce haka. Na tambaye shi abin da ke hana mutane zubowa a cikin zoben. Ya ce ƙarfen da ake danna wa mutum a cinya yana nan, amma gudun ma kansa manna mutum yake yi da kujera, kamar yadda yara ke wulwula bokiti da ruwa a ciki bai zube ba.

Na daɗe ina kallo bayan ya gama bayani. Na lura da masu hawa ɗaya bayan ɗaya. Babu mai gudu, babu mai tsalle, babu mai taka wani abu. Zama kawai suke yi su riƙe. Na ce a raina, in dai zama ne, ai duk wurin nan babu wanda ya kai ni ƙwarewa.

Na roƙi dattijon ya duba min kayan. Ya kalli sandata, ya kalli jirgin, ya ce, "Allah ya kiyaye."

Layin ya yi tsawo, ƙafata mai lafiyar ta gaji, amma na kai. A bakin shiga yarinyar da ke buɗe ƙofa ta ga ƙarfen ƙafata, ta ce in ɗan jira, ta kira shugabansu. Wani Bature ne mai furfura, kuma gaskiya bai raina ni ba. Ya tambaye ni ko ina da ciwon zuciya ko na baya, na ce babu. Ya ce abin da ya dame shi biyu ne, ko gwiwar za ta lanƙwasa har ƙarfen cinya ya kulle yadda ya kamata, da kuma ko zan iya fita in taka da kaina in jirgin ya tsaya a inda ba tasha ba. Na ce ya gani da idonsa. Takalmin nawa yana da wani ɗan makulli a gwiwa. Na ja shi, na shiga kujerar da ba kowa, na zauna, aka danna ƙarfen ya kulle. Aka buɗe, na fito, na taka har ƙarshen dandamalin na dawo. Mutanen layi sun zuba min ido, wuyana yana zufa, amma ban sunkuyar da kai ba.

Sai ga Yaya. Ashe yaransa ne suka hango ni suka ruga suna gaya masa da Turanci. Ya kutso ta hanyar fita, matarsa tana bin sa. Ya gaya wa Baturen cewa shi ne mai kula da ni, kuma bai yarda ba. Baturen ya juyo ya tambaye ni shekaruna. Na faɗa. Ya ce to shi a wurinsa na cika sharaɗi, sauran magana tawa ce.

Yaya ya koma Hausa, ya sassauta murya, wanda ya fi tsawarsa ban tsoro. "Ke, in kika hau abin nan, ki shirya komawa Kano."

Ban taɓa mayar masa da magana ba a rayuwata. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Zan hau. In Kanon ce, in koma bayan na hau."

Matarsa ta matso kamar za ta ja ni, sai na ji tana kwance min ɗankwali, ta sake ɗaure shi tamau a ƙarƙashin haɓata, ta karɓi sandar daga hannuna.

Zan so in ce muku na zauna da jarumta. Ƙarya ne. Da aka kulle ƙarfen, aka yi shirun nan na jira, na san can cikin hasumiya nauyin ya kai sama, sai duk bayanin dattijon ya zame min bala'i, don na san ainihin abin da ke shirin faɗowa. Na fara addu'a, sai daga baya na gane ta cin abinci nake maimaitawa.

Aka ingiza mu. Bayana ya manne da kujera, kafin in ankara sama ta koma ƙasa. Na ga bishiyoyi a rataye. Muka fito muka miƙe sama, gudun yana raguwa, yana raguwa, har muka tsaya. A ɗan tsayawar nan jikina ya rasa nauyi gaba ɗaya. Tun da na yi wayo nake jan ƙafar nan, ban taɓa sanin yadda jiki yake ba tare da ita tana ja na ƙasa ba, sai a wannan ƙiftawar idon. Sannan muka faɗo da baya, kuma an ce har masu sayar da askirim sun ji ina kiran mahaifiyata.

Da aka tsaya, ƙafar mai lafiyar ce ta ƙi ɗaukata, rawa kawai take yi. Ta ƙarfen ce ta tsaya da ni. Ina dariya, hawaye yana zuba, na ɗago na ga Yaya. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, hannunsa yana kan shingen ƙarfe kamar shi aka wulwula. Ya juya ya tafi. Har muka dawo London bai yi min magana ba, haka kuma satin da ya biyo baya.

Ranar Lahadi ya buga waya Kano kamar yadda ya saba, ya zayyana wa mahaifiyarmu komai, sannan ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba. Layin yana ƙara. Ta tambaye ni ko na faɗo, na ce a'a. Ta tambaya ko masu wurin sun hana na ƙi ji, na ce a'a. Ta ce na yi wa yayana musu a gaban mutane, wannan ba tarbiyyarta ba ce, in ba shi haƙuri. Sai ta ce in mayar masa da wayar. Da yake ita in tana waya da ƙasar waje ɗaga murya take yi, duk falon ya ji.

"Riƙo na ba ka, ban ba ka ajiya ba. Ka bar ta ta je aikin."

Na ba shi haƙurin musun, don umarni ne. Na hawan kuwa ban bayar ba. Na fara aikin. Bas ɗin ma ya taɓa kayar da ni wata safiya, na goge hannu, na tashi na hau na bayansa, ban gaya wa kowa ba sai da na samu flat ɗin council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, a Plumstead na tare.

Yanzu gwiwar ta tsufa, likita ya hana ni irin wannan wasan, kuma na ji maganarsa, don shi ya duba ƙafar kafin ya yi magana. Abin da na riƙe tun ranar shi ne, in an ce ba zan iya abu ba, sai in nemi sanin yadda abin yake aiki da abin da yake buƙata a jikina. In ƙafa yake so, in haƙura ba gardama. In kuwa tsoron wani ne kawai aka ɗora min, to mai tsoron ya riƙe kayansa.

Yaya ya yi furfura, muna shiri sosai. Kwanakin baya a wani taron suna ya sake ba da labarin, ya ƙare da cewa ranar na nuna masa rashin kunya. Jikokinsa suka juyo suna jiran in musa. Na ce musu gaskiya ya faɗa, kuma da layin bai yi tsawo ba, da sau biyu zan yi.