Gambo Ba Ya Ciwo

Wata Juma'a a daminar 1999, a ƙauyenmu na gefen Gummi, ruwan tuwon Inna ya ƙi tafasa. Icen ne ya jiƙe, kowa na gani, amma Kaka ta leƙo ta ce, "Wa at taɓa Gambo?" Inna ce ta ɗan make shi da safe. Haka ta bar murhu ta bi ɗan shekara biyar da ƙuli-ƙuli tana ba shi haƙuri, shi kuwa yana ta hura hanci.

Ni da Husaini tagwaye ne, Gambo ke bi mana. A wajenmu duk wanda ya biyo tagwaye sunansa ke nan, kuma an ce ya fi su hatsabibanci: in ka ɓata masa rai ka tarar da kunama a shimfiɗarka, maciji ba ya saransa, yana da mutanen ɓoye masu tsaronsa. Ja'irin ya ci moriyar abin sosai. A makaranta ba mai ƙwace masa gyaɗa, a wasan langa manyan yara ba sa yarda su ture shi. In mun je fadama korar tsuntsaye daga shinkafa, mu ne ihu da majaujawa, shi yana barci a gindin kanya, amma in an yi girbi mai kyau shi ake yaba wa. Na sha jin haushinsa, ina kuma sonsa kamar raina.

Da bazarar 2003 zazzaɓi ya kama shi, wuyansa ya sanƙare, ya fara sambatu. Baba ya aro mashin zai kai shi asibitin Gummi, tsofaffi suka tare ƙofa. "Gambo bai ciwo, mutanenai na sunka zo." Aka yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Ina yi masa fifita ya riƙe zanena ya ce, "Yaya, hwaɗa musu kaina ka ciwo." Na faɗa, aka ce in yi shiru. Ranar da aka yarda a tafi, a kan mashin ya cika, tsakanin Baba da Inna.

Yanzu ina ganin Gambo-Gambo a unguwa, ana dukansu ana kai su allura kamar kowa, ba mai tsoronsu. Daɗi nake ji, sai kuma hawaye su zo mini. Namu ma yaro ne kawai, mu ne ba mu sani ba.