Karen da Kaka ta zaɓa ba tare da ta ce komai ba

A zamanin Turawa, lokacin ina yarinya, muna zaune a fadamar Haɗeja da shanunmu. Da ruwa ya ja baya a shekarar, kura ta matsa mana. Ta ɗauke maruƙa biyu daga dangwali, igiyar da ake ɗaure su. Ukun da suka rage, har da wadda aka ba ni, su ne duk abin da gidanmu ke sa rai a kai.

Sai Baffa, mahaifina, ya karɓo ɗan kwikwiyo wajen mafarautan gari, siriri, mai dogayen ƙafafu. Ya ce babu abin da zai tsere masa. Kaka ta dubi kwikwiyon ta kau da kai. Baffa ɗanta ne na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Haka al'adarmu take.

Bayan isha'i muka kewaye wutar da ake hura wa shanu saboda sauro. Baffa yana gefe yana tufkar igiya. Kaka ta gyara zama.

"Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri. Ke mai bakin tsiwa, matsa, kin tare mini hayaƙi."

Ta ce an yi wani makiyayi da ya sami kare mai gudu kamar iska. Kura ta kasa shiga garkensa, sai ta roƙi zomo ya gilma kawai ta gaban karen. Zomo ya gilma, kare ya bi shi har bayan gulbi. Ya dawo yana kaɗa wutsiya da zomo a baki, ya tarar da dangwali wayam.

Na ce, "Kaka, ai ya kamo zomon."

"To ki tatsi zomon gobe, ki dama mana fura."

Muka yi dariya. Daga nan muryarta ta ɗaga fiye da yadda kunnuwanmu ke buƙata. Ta ce makiyayin ya je wata ruga, ya tafa hannu a kan 'yan kwikwiyo. Duk suka watse, ban da ɗaya mai kaurin ƙafa da ya tsaya yana gurnani. Shi ya ɗauka, ya kwantar da shi cikin maruƙa tun yana ƙarami, har kwikwiyon ya ɗauka 'yan uwansa ne.

Baffa bai ɗago kai ba. Da safe ya mayar da siririn, ya tafi wajen kawunmu a Kirikasamma, ya dawo da wani baƙin kwikwiyo mai nauyin jiki. Kura ta ƙara zuwa, ta koma haka nan. Maraƙata ta girma, da ita aka kai ni gidan miji.

Na daɗe ina zaton darasin na kare ne, cewa mai tsaro dabam, mai farauta dabam. Sai bara, da muka rasa ɗana na fari, wanda ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, na gane abin da Kaka ke yi a bakin wutar nan. Hira take yi da ɗanta, ta hanyar da aka bar mata.

Yanzu 'ya'yansa ne ke kewaye ni da yamma, ina yi musu tatsuniya. Wani lokaci ƙaramar takan taɓa gwiwata ta ce, "Kaka, ai muna ji. Wa kike ɗaga wa murya?"